An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ina Sunayen Mutanenmu Suke Kwana?

Maganar yau za ta yi kama da ta ƴan kwamfuta, amma don Allah kar kowa ya wuce. In an taɓa rubuta sunanka cikin jerin masu karɓar hatsi, ko an ƙidaya bisashenka ranar allura, ko kina zubi a asusun mata ana rubutawa, to kai da ke ake magana.

Akwai wata kalma da ta fara zama ruwan dare a wajenmu: “na'ura ta cinye.” A ɗauki matasa, a ba su waya, su yi makonni suna yawo a kan moto ƙauye-ƙauye, ruga-ruga, cikin rana da yashi, suna tambayar magidanta mutum nawa ke gidan, dami nawa aka samu, akuya nawa ta rage. A tattaro duka, a miƙa wa yaro ɗaya da ya ɗan iya kwamfuta ya haɗa. Ranar da za a kai rahoto sai a ji fayil ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗe amma ba kowa a ciki. Nan take sai a samu wanda za a ɗora wa. Wasu su ce yaron ne ya yi sakaci. Wasu su ce rezo ne. Wasu su ɗaga kafaɗa su ce haka Allah ya so, a sake zagaye.

Mu kam ba mu yarda ba. An bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan lokuta yaron ya yi daidai abin da aka koya masa, rezo kuma ba ya share fayil. Laifin yana wuyan wanda ya zaunar da shi kwana uku ko biyar da sunan horo, ya nuna masa yadda ake zana jadawali mai launi, amma bai taɓa gaya masa inda fayil ɗin yake kwana ba. Yana kuma wuyan wanda ya ba da aikin, ya ware kuɗin mai da na abinci, amma bai ware kuɗin kile ɗaya na ajiya ba.

Bari mu warware zancen dalla-dalla, don mai saurare ya yi hukunci da kansa.

Yau da yawa daga cikin masu koyon harshen kwamfuta na Python ba sa girka komai a na'urarsu. Burauza suke buɗewa, wato Chrome ko Firefox, su shiga wani shafi mai kama da kundin ɗalibi: ka rubuta umarni a gida ɗaya, ka danna, amsa ta fito a ƙasa. Asalin wannan kundi shi ne Jupyter, wanda ya fito a 2014 daga aikin da Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya, ya fara a 2001. Iri biyu ne suka dace da wanda bai da babbar na'ura: Colab na kamfanin Google, da kuma JupyterLite da ya bayyana a 2021. In bayanai sun yi yawa, sai a zuba su a rumbun bayanai na SQLite, wanda Richard Hipp ya ƙirƙira a Amurka a shekarar 2000. Shi SQLite abinsa mai sauƙi ne: duk sunaye da lambobi suna cikin fayil ɗaya tak. Yana cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu yanzu haka. Kayan aiki ne masu kyau, kyauta kuma, ba su muke zargi ba.

Tambayar ita ce: wannan fayil ɗaya, a ina yake?

Manomin Damargu ya san bambancin masussuka da rumbu. A masussuka ake aiki, amma ba mai hankalin da zai bar geronsa can ya tafi gida ya ce ya ajiye. To kundin cikin burauza masussuka ce. Abin takaicin, ta yi kama da rumbu.

A Colab, kwamfutar da ke aikin ba taka ba ce. Aro aka ba ka daga wata cibiyar Google can wata ƙasa. Na kyauta ba ya wuce awa 12 ko da kana zaune a kansa, in kuwa ka bar shi ba motsi, kafin nan ma za a karɓe. Da an karɓe, duk fayil ɗin da ke cikinta an share. Ga inda tarkon yake: shi kundin kansa, da umarnin da ka rubuta da amsoshin da suka fito jiya, yana nan a Google Drive ɗinka. Da safe ka buɗe, ka ga jadawalinka da sunayen garuruwa reras, hankalinka kwance. Alhali hoton aikin jiya ne kawai kake kallo. Rumbun ya tafi tun cikin dare. Kayan aro ba ya rufe katara.

A JupyterLite kuma ba kwamfutar kowa, komai cikin burauzarka yake gudana. Wuraren ajiya biyu ne a ciki. Ɗaya yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi: ka sabunta shafin ko wuta ta ɗauke, ya tafi. Ɗayan, wanda kake gani a gefen shafi, yana cikin wani ɗan ɗaki da burauza ke ware wa kowane shafi, sunansa IndexedDB. Wannan yana kwana, amma ɗakin na wannan burauzar ne kaɗai, a wannan na'urar kaɗai, da wannan adireshin kaɗai. Ka buɗe da Firefox abin da ka yi da Chrome, ba ka ganin komai. Ka yi aiki a tagar sirri, da ka rufe shi ke nan. Ƙanenka ya ari na'urar ya share tarihin burauza da bayanan shafuka don ta yi sauri, ya share da sunayen mutum ɗari biyar bai sani ba. Kai, ko wurin ajiyar na'urar ne ya cika da bidiyo, burauza na da ikon zubar da kayan shafukan da aka daɗe ba a buɗe ba, ba tare da ta yi maka sallama ba.

Haka abin yake ga masu cike fom ɗin KoboToolbox ta burauza. Fom ɗin da aka cike ba rezo yana jira ne a cikin wancan ɗakin har sai an tura shi. Wanda ya share burauza kafin turawa ya share aikin yini, ko na mako.

Yanzu ku gaya mana, a garin da na'ura ɗaya mutum huɗu ke amfani da ita, inda ake kai waya wajen mai caji a bari ta wuni, inda kowa ke share abu don ya samu wuri, wa ya kamata a fara koya wa wannan in ba mu ba?

Sannan ga wata. Mu da Hausa da Tamajak da Fulatanci muke rayuwa, da Faransanci aka yi mana lakkal, ita kuma na'ura in ta tashi kuka da Ingilishi take yi. Yaro ya ga jan rubutu, gabansa ya faɗi, ya ɗauka komai ya lalace. Alhali jumlolin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowace da maganinta.

In ta ce “no such table”, yawanci ba abin da ya ɓace. Halin SQLite ne, in ka kira fayil da sunan da babu shi a wurin, ba ya gardama, sai ya buɗe maka sabo fanko da wannan sunan. Harafi ɗaya ka kuskure, ko kana tsaye a wani dosiye daban, sai ka samu rumbu ba ko ƙwaya. Ka tambayi na'urar inda kake tsaye da os.getcwd(), ka duba abin da ke wurin da os.listdir(), ka dubi nauyin fayil ɗin. In sifili ne, ba shi ba ne, naka yana wani wuri. Amma in a Colab ne kuma an riga an karɓe na'urar aro, to wannan kam sai haƙuri.

In ta ce “unable to open database file”, galibi dosiyen da ka ambata ne babu shi, ko ba ka da izinin shiga. SQLite yana ƙirƙirar fayil, amma ba ya gina dosiye.

In ta ce “database is locked”, wani ne ke riƙe da ƙofar. Sau da yawa kai ne da kanka: ka buɗe rumbun a wani gida na kundin, ka fara rubutu ba ka kammala ba, ka sake buɗe shi a wani gidan. Ko kundi biyu ne ke kan fayil ɗaya. Ka rufe na farko, ko ka sake tayar da injin kundin, amma ka tuna abin da ba a tabbatar ba zai zube.

Nan ne maganar commit ta shigo. A Python, abin da ka zuba a rumbu bai zauna ba sai ka ce commit(). Kamar ciniki ne a kasuwar dabbobi: an yi taye, an daidaita, amma ba a sallama ba. Ka tashi a haka, ba ciniki. Mutum zai shigar da sunaye ɗari uku, ya gan su da idonsa, ya rufe, gobe ya tarar babu ko ɗaya, don kalma guda da ba a koya masa ba.

In ta ce “disk I/O error”, a nan wurin ajiyar ne bai dace da aikin ba. SQLite na buƙatar faifai na gaske, inda zai kulle fayil, ya buɗe ɗan fayil na biyu a gefe yana rubuta abin da yake shirin canzawa, don in wuta ta ɗauke ya iya komawa baya. Ɗakin burauza da Google Drive da aka jona wa Colab kwaikwayon faifai suke yi, ba kullum suke iya wannan ba. Masu SQLite da kansu sun daɗe suna gargaɗi kan ajiye rumbu a faifan da ake kaiwa ta hanyar sadarwa. Dabarar ita ce ka kwafo fayil ɗin zuwa wurin aikin na'urar, ka yi aikinka a can, ka yi commit, ka rufe da close(), sannan ka kwafe shi ka mayar, ka kuma sauke kwafi a hannunka.

Mafi muni ita ce “database disk image is malformed”, wato rumbun ya tsage. Abin da ya fi jawo ta shi ne a kwafi fayil yana buɗe ana tsakiyar rubutu, ko a zare kile bai gama ba, ko saukewa ta yanke a rabi. In ka ga wani ɗan fayil a gefen naka mai ƙarewa da -journal ko -wal, kar ka share shi ka ce shara ce, rabin maganarka na ciki. Kafin ka ce ka ajiye, ka rubuta PRAGMA integrity_check. In ta amsa “ok”, lafiya lau.

Jama'a, duk abin da muka lissafa a nan bai kai darasin awa biyu ba. Awa biyu! To don me ba a koyar da shi? Don ba ya kyau a hoto. Jadawali mai launi yana kyau a hoton rufe taro, ga takardar shaida a hannu, ga murmushi. Koya wa yaro ya duba nauyin fayil ba ya shiga rahoton kowa. Mai horo ya zo daga birni inda kuran ke tsayawa, rezo ke gudu, kowa da na'urarsa. Ya koyar yadda shi yake aiki, ya shiga mota ya koma. Wata biyu bayan nan in abu ya watse, wayarsa ba ta shiga. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Mun san abin da za a ce mana.

Za a ce, “Ai kyauta ne, me kuke so kuma?” Kayan kyauta ne, amma man moto ba kyauta ba ne, yinin da magidanci ya bar gona ya zauna yana amsa tambayoyi ba kyauta ba ne. Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Dattijon da aka tambaya yawan garkensa sau ɗaya ya faɗa da ƙyar, don kowa ya san makiyayi ba ya son ƙidaya. A dawo masa karo na biyu da tambaya iri ɗaya, zai fara tunanin wani abu ake ƙullawa. Karo na uku, ko ya ƙi magana ko ya faɗi abin da ya ga dama. Daga nan lissafin da za a kai Damagaram da Yamai ya zama na ƙarya, kuma a kan wannan lissafin ake raba buhu, ake raba allura, ake yanke inda za a haƙa rijiya. Matar da sunanta ya faɗi daga jeri ba ta san wani abu wai shi IndexedDB ba. Abin da ta sani, maƙwabciyarta ta karɓa, ita ta koma da kwarya fanko.

Za a ce, “Matsalar rezo ce, in intanet ya gyaru komai zai gyaru.” Muna son rezo ya gyaru, kowa na so. Amma ko Starlink aka kafa a kan kowane soro na Belbeji, Colab zai karɓe na'urarsa in lokaci ya cika, burauza kuma za ta share abin da aka ce ta share. A Paris ma haka take yi. Bambancin kawai, can an gaya wa yaro tun ranar farko.

Wasu dattawanmu kuma za su ce, “To a koma takarda mana, ita ba ta cinye komai.” Muna girmama wannan magana, akwai gaskiya a ciki: rajistar takarda ta zauna a gefe, kar a yar. Amma takarda ma gara na ci, ruwan sama na jiƙawa, gobara na lashewa. Kuma gundumar Belbeji, tun da aka cire ta daga Tanut a 2011, ƙidayar 2012 ta same ta da mutum sama da dubu 90, warwatse tsakanin garuruwan noma da mashekarin makiyaya. Ba a lissafin jama'a irin wannan da alƙalami kaɗai a kan lokaci. Ƴaƴanmu su koyi na'ura, su koye ta da kyau, har ma su wuce masu koya musu. Abin da muke ƙi shi ne rabin ilimi.

Akwai kuma maganar amana. Jerin da ke ɗauke da sunan mutum, garinsu, lambar wayarsa, yawan iyalinsa da halin da yake ciki, ba abin wasa ba ne, balle a wannan zamani da kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP. Amma sai ka ga an loda irin wannan jeri a akwatin Google na wani yaro, wanda kalmar sirrinsa abokai uku sun sani, ko an bar shi a burauzar na'urar da ake haya. Ranar da ya tafi Agadas ko Libiya neman kuɗi, ya tafi da mabuɗin. Ƙungiya ta zauna ba ta da komai, sunayen mutane kuma suna can inda ba wanda ya san mai gani.

To me muke nema? Ba abu mai tsada ba ne.

Ga masu ba da horo, ko daga ina kuka zo: darasin farko ya zama “ina fayil yake?” Kafin a zana komai, kowane ɗalibi ya ƙirƙiri rumbu, ya zuba suna biyar, a sa shi ya rufe burauza, ya share ta da gangan, ya ga abin da ya faru da idonsa. Gara ya yi asarar suna biyar na gwaji a gabanku da ya yi asarar dubu a bayanku. Ku bar musu takarda ɗaya mai jumlolin nan na Ingilishi da ma'anarsu da Hausa da Faransanci. Wanda ke da kwamfuta tasa, ku girka masa Python da DB Browser for SQLite a kanta. Kyauta ne su ma, kuma suna aiki ko babu rezo ko ɗigo.

Ga shugabannin ƙungiyoyi, na manoma, na makiyaya, na mata, da masu riƙe da bankunan hatsi: ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku sa ido. Tambaya uku ta isa, kowace yamma ta aiki. Ka sauke? Kwafi nawa ne, kuma a hannun wa? Buɗe mini shi a wata na'urar in gani. Ta ukun ce babba, don ajiyar da ba a gwada buɗewa ba zato ce kawai. Ku sayi kile biyu da kuɗin asusu, ɗaya wajen magatakarda, ɗaya wajen ma'aji, ba a gida ɗaya ba. Kowane kwafi a sa masa kwanan wata a sunansa, kar sabo ya danne tsoho. A fitar da jerin a fayil ɗin CSV ma, wanda kowace na'ura ke buɗewa, a buga shi a takarda in an gama. Akwatin intanet kuma ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu amintattu su san mabuɗin.

Ga masu aiko da ayyuka daga nesa da hukumomin da ke karɓarsu: duk wanda ya tattara bayanan mutanen nan, ya bar kwafi a nan, a hannun da doka ta yarda da shi. Bai dace a ƙidaya mu, a tafi da lissafin, shekara ta zagayo wani ya zo ya fara daga sifili kamar ba a taɓa yi ba.

Ga matasanmu kuma, ku da ke riƙe da na'urorin: jan rubutu ba hukunci ba ne, bayani ne. Ku karanta shi kafin ku danna komai. Kar ku share, kar ku sake girka, kar ku sabunta shafi cikin firgici, don sau da yawa fayil ɗin yana nan lafiya, gaggawar gyara ce ke kashe shi. Ku fara kwafe abin da ke akwai, sannan ku taɓa. In an ba ku aiki ba a ba ku wurin ajiya ba, ku faɗa tun ranar farko, a gaban shaidu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka yi karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko wani wuri suka dawo gida, ku zauna da ƙannenku ku nuna musu, yamma ɗaya ta isa.

Damargu ƙasar rumbu ce. Tun zamanin ayari, daga nan Abzin ke awon gero, don kakanninmu sun iya noma, sun kuma iya ajiya: sun ɗaga rumbu daga ƙasa saboda gara, sun san na ci, sun san na iri, sun san na tsimi da ba a taɓawa sai shekara ta yi wuya. Jikokin waɗannan mutane bai kamata a same su suna barin sunayen jama'a a fili suna cewa na'ura ta cinye ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya ji wannan, ya kai wa shugaban ƙungiyarsu, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kuma daga yau, duk wanda ya zo muku da waya yana neman sunanku da yawan iyalinku, ku amsa masa da mutunci, sannan ku tambaye shi: a ina za ka ajiye, kuma wa ke da kwafi na biyu? In ya kasa amsawa, ya koma ya tambayo wanda ya aiko shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.